Sharhi kan shagon ɗura bidiyo na Titin Bauchi da tarinsa na hirarrakin 'yan kurket na Karibiyan

A cikin jerin shagunan da ke ɗura wa mutane fina-finai da waƙoƙi da karatun malamai a waya a bakin Titin Bauchi da ke Jos, dab da Unguwar Rogo, akwai wani ɗan shago wanda a ido bai bambanta da maƙwabtansa ba. Benci ne guda a ƙofa, da kwamfutoci biyu a kan kanta, da wayoyin caji a rataye jikin bango, da ƙaramin janareta da ake tayarwa duk lokacin da aka ɗauke wuta. Abin da ya raba shi da sauran shi ne wani tari da mai shagon ya ware a kwamfutarsa, wanda babu komai a cikinsa sai hirarraki da tsofaffin 'yan wasan kurket na yankin Karibiyan, da guntayen wasanninsu na da, da shirye-shiryen rediyo inda waɗanda suka ga zamanin suke ba da labarinsa. Wannan tarin da yadda ake sayar da shi ne nake son in yi sharhi a kai, domin a garin da kusan kowane gidan kallo ba ya nuna komai sai ƙwallon ƙafar Ingila da Sifaniya, samun irin wannan kaya abu ne da ya cancanci a duba shi da idon basira.

Tsarin cinikin mai sauƙi ne. Mutum ya zo da memorinsa ko filashi ko wayarsa, ya zaɓi ko dai a ɗura masa tarin gaba ɗaya ko kuwa kashi ɗaya daga cikinsa, ya biya gwargwadon girman abin da aka ɗura. Kuɗin tarin baki ɗaya bai kai abin da mutum zai kashe a data ba idan ya ce zai sauke ko da rabinsa da kansa, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa yawancin masu sayen ɗaliban jami'a ne da tsofaffin ma'aikata 'yan fansho waɗanda suka taɓa riƙe sandar kurket a makarantun gwamnati na da. Mai shagon matashi ne mai ladabi, kuma ya gaya mini cewa wani dattijo ne ya fara sa shi neman waɗannan hirarrakin, shi kuma da ya zauna kallo domin ya tabbatar fayilolin suna buɗewa, sai labarin ya kama shi.

Abin da ake biya a nan, a ganina, zaɓi ne da jerantawa, domin yawancin bidiyon suna nan warwatse a intanet ga duk mai haƙurin nema. Kuma a nan ne mai shagon ya yi aikin da ya fi burge ni. Kashi na farko a tarin muryarsa ce da ya ɗauka da Hausa, ta kusan minti ashirin, yana bayyana wasan ga wanda bai taɓa ganinsa ba: mutum goma sha ɗaya a kowane ɓangare, mai jifa yana ƙoƙarin kayar da turaku uku da ke bayan mai duka, mai duka kuma yana kare su da sandarsa yana tara maki, ko dai ta hanyar gudu tsakanin turakun gefe biyu, ko ta kai ƙwallo iyakar fili ya sami maki huɗu, ko ya tsallakar da ita ta sama ya sami shida. Ya kuma bayyana bambancin wasan kwana biyar, wanda shi ne tsofaffin suke ɗauka a matsayin ma'aunin gwani, da gajerun wasannin da ake gamawa a yini ɗaya ko cikin sa'o'i uku. Ya ƙara da wani bayani wanda in babu shi sauran tarin ba zai fahimtu ba, wato cewa West Indies ba ƙasa ba ce. Ƙungiya ce da ƙasashe da tsibirai da dama da Ingila ta taɓa mulka suka haɗu suka kafa, irin su Jamaika da Barbados da Tirinidad da Antigua, har da Guyana wadda ke kan doron Kudancin Amurka, kuma idan aka tattara mutanensu duka ba su kai yawan mutanen Jihar Kano ba. Sanin haka ne yake sa mai kallo ya gane girman abin da suka yi wa Ingila da Ostireliya da Indiya.

Kashin da ya shafi shekarun 1950 da 1960 gajere ne, kuma hotonsa baƙi da fari ne mai yawan tsalle, amma an jera shi da hankali. An fara da nasarar da suka yi a filin Lord's na Landan a 1950, wadda ita ce karon farko da suka doke Ingila a ƙasarta a wasan kwana biyar, bayan shekara 22 da shigarsu wannan mataki a 1928, inda wasu samari biyu masu murza ƙwallo, Sonny Ramadhin da Alf Valentine, suka rikita masu dukan Ingila. Daga nan aka shiga batun shugabanci, wanda shi ne zuciyar wannan kashin. Shekara da shekaru hukumar wasan tana naɗa farar fata ne kyaftin ko da kuwa akwai baƙaƙen da suka fi shi iyawa nesa ba kusa ba, har sai da marubucin nan na Tirinidad, C.L.R. James, ya ɗauki alƙalami a jarida yana ta matsa lamba, aka naɗa Frank Worrell ya jagoranci tafiyar Ostireliya ta 1960 zuwa 1961. A wasan farko na wannan tafiyar, a Brisbane, aka tashi da maki daidai wa daida, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin wasan kwana biyar. Ostireliya ce ta ci jerin wasannin da ci 2 da 1, amma kofin da ƙasashen biyu suke fafatawa a kansa har yau sunan Worrell yake ɗauke da shi. Worrell ya rasu a 1967 yana da shekara 42, saboda haka yawancin abin da ake ji game da shi a tarin daga bakin waɗanda suka yi wasa a ƙarƙashinsa ne, kuma mai sauraro ba zai rasa lura da yadda muryoyinsu suke sauka idan an ambace shi ba. A nan ne kuma aka sa labarin Garfield Sobers, da makinsa 365 da ya yi wa Pakistan a Kingston a 1958, da bidiyon nan na 1968 a Swansea inda ya tsallakar da jifa shida a jere duk waje.

Kashin da ya fi kowanne girma da armashi shi ne na zamanin Clive Lloyd da Viv Richards, kuma ko shi kaɗai mutum ya saya bai yi asara ba. Mai shagon ya yi dabarar fara shi da kayen da suka sha. Bayan sun ɗauki Kofin Duniya na farko a 1975, inda Lloyd ya yi maki 102 a wasan ƙarshe da Ostireliya, sai suka tafi Ostireliyar a ƙarshen wannan shekarar aka lallasa su da ci 5 da 1, masu jifa biyu, Dennis Lillee da Jeff Thomson, suna aiko musu da ƙwallo a ƙirji da haƙarƙari, 'yan kallo kuma suna jifansu da kalaman wariyar launin fata. Idan aka saurari 'yan wasan da suka yi wannan tafiyar ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda aka jera su a nan, sai a ga inda Lloyd ya samo shawarar tara masu jifa da gudu har mutum huɗu a wasa ɗaya, ta yadda mai duka ba zai sami wanda zai huta a kansa ba daga safe har yamma.

Bayan wannan sai bazarar 1976 a Ingila. Kyaftin ɗin Ingila na lokacin, Tony Greig, wanda haifaffen Afirka ta Kudu ne, ya faɗa a talabijin cewa zai sa su rarrafe. Magana irin wannan daga bakin farar fatar ƙasar da ke mulkin wariya, zuwa ga jikokin bayi, ba ta buƙatar tafsiri. 'Yan West Indies sun ci jerin wasannin 3 da nema, Richards ya tara maki 829 a wasanni huɗu, ciki har da 291 a filin Oval, kuma a wannan wasan na Oval, a kan ƙasar da ta bushe ƙarau wadda ba ta taimakon mai jifa, Michael Holding ya fitar da mutum 14 a zagaye biyun da Ingila ta yi duka. Mai shagon ya sa maganar Greig, sa'an nan hirarrakin da ke waiwayar ta, sa'an nan bidiyon turakun Greig suna tashi sama. Wannan jerin uku ya fi kowace lacca bayani.

Akwai guntun bidiyo guda da nake ba kowa shawara ya kalla a hankali, ya maimaita. Jifa shida ne da Holding ya yi wa Geoffrey Boycott a Bridgetown a 1981. Holding yakan taho daga nesa da gudu mai laushi wanda alƙalan wasa suka ce ba sa jin sawunsa, ga fili ya cika maƙil. Boycott, wanda ya shahara da iya kare turakunsa fiye da kowa a Ingila a lokacin, yana ta fama da ƙwallon da ke zuwa masa kowace ta fi ta baya sauri, har ta shida ta tuge turken ta cilla shi baya, ya fita ba tare da maki ko ɗaya ba. Hoton ba shi da kyau, ƙwallon ma da ƙyar ake ganinta, amma ihun filin ya isa shaida. Kusa da shi an sa bayani a kan dabarar Andy Roberts na Antigua, wanda yake da jifan tsalle iri biyu: yakan fara aiko da mai ɗan sanyi ya bar mai duka ya doke ta ya ji daɗi, sa'an nan ya aiko da mai zafin a daidai wurin, mai dukan ya makara. Irin waɗannan bayanai na cikin sana'a su ne ribar sauraron mai abu da bakinsa, domin teburin maki ba ya ɗauke da su.

Sauran kashin ya bi ta kan Kofin Duniya na 1979, inda Richards ya yi 138 Joel Garner kuma ya fitar da mutum biyar na Ingila a wasan ƙarshe, da wankin 5 da nema da suka yi wa Ingila a gidanta a 1984, wanda a cikinsa Malcolm Marshall ya shiga duka da hannu ɗaya bayan ya karye a babban yatsa a Headingley, ya kuma dawo ya fitar da mutum bakwai. Daga tsakiyar 1980 har zuwa 1995 babu ƙasar da ta ci su a jerin wasannin kwana biyar. Richards kuwa har ya bar wasa bai sa hular kwano ba, ƴar hularsa ta yadi kawai da cingam a baki.

Inda na fara samun abin cewa shi ne batun tafiyar Afirka ta Kudu. A 1983, lokacin da duniya ta ƙaurace wa wasa da gwamnatin wariyar launin fata, wasu 'yan wasan Karibiyan ƙarƙashin jagorancin Lawrence Rowe sun karɓi kuɗi sun je can sun yi wasa, hukumarsu ta haramta musu wasa har abada, kodayake an ɗage haramcin a 1989. A cikinsu akwai Colin Croft da Alvin Kallicharran da Sylvester Clarke, da Collis King wanda ya yi maki 86 a wasan ƙarshe na 1979. Richards ya ƙi zuwa duk da kuɗin da aka yi masa tayi, kuma tarin ya ba wannan ƙin nasa fili mai yawa, wanda ya cancanta. Amma muryar waɗanda suka je kusan babu ita. Ba ina cewa sun yi daidai ba ne. Abin da nake cewa shi ne, da yawansu mutane ne da suka daɗe a benci suna jiran gurbin da ba zai samu ba saboda ƙungiyar ta cika da gwanaye, albashin wasan a lokacin kuma bai taka kara ya karya ba, kuma mai sauraro yana da haƙƙin ya ji yadda suka auna abin da bakinsu, da irin ƙyamar da suka tarar da suka koma gida, kafin ya yanke nasa hukuncin. Da na ɗaga wannan maganar, mai shagon ya ce, “Baba, masu saye sun fi son inda ake cin wasa.” Na ce masa, “Ɗana, mai sayen tarihi ba nasara kaɗai ya biya ba.” Ya yi dariya ya ce zai nema, amma a zuwana na baya-bayan nan kashin yana nan yadda yake.

Irin wannan giɓin ya sake bayyana a wani wajen. Wanda ya kalli tarin daga farko zuwa ƙarshe zai iya ɗauka cewa labarin kurket na Karibiyan labarin jikokin Afirka ne kaɗai, alhali kuwa a Guyana da Tirinidad akwai al'umma mai yawa ta jikokin Indiyawan da Turawa suka kawo aikin gonakin rake bayan an soke bauta. Ramadhin daga cikinsu yake, haka Rohan Kanhai wanda ya yi kyaftin kafin Lloyd, haka Kallicharran, haka Shivnarine Chanderpaul wanda ya daɗe yana riƙe ƙungiyar a shekarun da ta yi rauni. An ambace su a fakaice, amma ba a ba su kashi nasu ba. Mata ma babu su ko kaɗan, duk da cewa a 2016 ƙungiyar matan West Indies ƙarƙashin Stafanie Taylor ta ɗauki Kofin Duniya na gajeren wasa a Kolkata, a rana ɗaya da fili ɗaya da mazan suka ɗauki nasu. A Nijeriya, ƙasar da 'yan matanta 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke New Zealand a gasar duniya a farkon 2025, wannan rashin ya fi zama abin lura.

Kashin Brian Lara da na baya-bayan nan an tara su ne kawai, ba a jera su ba. Makinsa 375 na 1994 da 400 na 2004, duka a kan Ingila kuma duka a Antigua, suna nan, haka ma jifan Curtly Ambrose a Perth a 1993 inda ya fitar da mutum bakwai aka ci maki ɗaya tak a kansa, da dukan maki shida sau huɗu a jere da Carlos Brathwaite ya yi wa Ben Stokes na Ingila a 2016. Amma babu hirar da ta tsaya ta yi bayanin yadda ƙungiyar ta gangaro har ta kasa samun gurbi a Kofin Duniya na 2023, wato rikicin albashi tsakanin 'yan wasa da hukumarsu da kuma kuɗin gasannin gajeren wasa na ƙasashen waje da ke janye gwanaye. A nan hannun mai shagon bai nuna ba, kuma mutum da kansa zai iya tara irin wannan cikin dare ɗaya.

Ta fuskar ingancin kaya kuwa, akwai matsaloli uku da mai saye ya kamata ya sani. Na farko shi ne sauti, wanda bai daidaita ba: wani fayil sai an ƙure murya, na gaba da shi kuma ya kusa fasa kunne, abin da ke damun wanda ke sauraro da abin sawa a kunne da daddare. Na biyu shi ne harshe. Turancin Barbados da na Jamaika yana da wuyar kamawa ga kunnen da ya saba da na BBC, musamman idan tsofaffin suka shiga raha a tsakaninsu, kuma hirarraki da yawa ba su da rubutu a ƙasa. Holding da marigayi Tony Cozier, mai sharhin nan na Barbados da ya rasu a 2016, suna fita raɗau saboda sun daɗe a aikin sharhi, saboda haka da su ya kamata sabon shiga ya fara. Na uku shi ne sunayen fayiloli. Wasu lambobi ne kawai, wasu kuma an yi musu suna ba daidai ba. Na tarar da bidiyon Ambrose an rubuta masa sunan Garner, wataƙila saboda dukansu dogaye ne ƙwarai, kuma a takardar bayanin da ke tare da tarin an rubuta cewa sun ɗauki Kofin Duniya sau uku a jere, alhali a 1983 Indiya ce ta doke su a wasan ƙarshe, ta yi maki 183 su kuma suka tsaya a 140. Mai shagon ya gyara wannan a gabana ba tare da musu ba, wanda abin yabo ne, amma Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma wanda ke karɓar kuɗi a kan jerantawa shi ya kamata ya fara gano irin wannan kuskuren kafin mai saye.

Akwai kuma batun haƙƙin mallaka, wanda ba wannan shagon kaɗai ya shafa ba, duk masu sana'ar ɗura kaya a waya suna cikinsa. Waɗannan hirarrakin gidajen talabijin da rediyo ne suka kashe kuɗi suka ɗauka. Mai shagon yana cewa kuɗin data da wuta da wahalarsa yake karɓa, ni kuwa a ganina aƙalla ya dace ya rubuta sunan gidan da ya yi kowace hira da shekarar da aka yi ta, domin ko ba don haƙƙi ba, mai sauraro yana buƙatar sanin ko tsohon yana magana ne da ɗumin abin ko kuwa bayan shekara talatin, lokacin da tunani ya riga ya goge wasu wuraren ya ƙawata wasu.

Wanda zai je, ya fi kyau ya je da hantsi kafin ɗalibai su taso daga aji, domin da yamma benci yakan cika da masu jiran fassarar fina-finan Indiya, kuma ɗura tarin gaba ɗaya yana ɗaukar lokaci, balle idan a kan janareta ake. Ya tafi da memorinsa da ya sani, kada ya sayi na kan kanta, saboda na ga wanda aka rubuta masa girman da bai kai ba. Ya nemi a sa masa bayanin Hausar nan na farko ko da kashi ɗaya kawai zai saya, domin mai shagon ba ya karɓar kuɗinsa daban. Kafin ya biya kuma, ya buɗe fayil biyu ko uku daga tsakiyar kashin shekarun 1980 a wayarsa, saboda a nan ne manyan fayilolin suke, kuma su ne suka fi yankewa idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar ɗurawa.